Kwanson Ngo Kachollom

Ni dai Allah Ya yi ni ba na iya ganin ƙarfe ya dishe in wuce shi. Ko gaisuwa na je gidan mutane na ga butar shayi ta yi baƙi, sai hannuna ya riƙa ƙaiƙayi har in bar gidan. Haka Innarmu ta rene mu a Yakasai, kuma shekara ashirin da biyu a Landan ba su raba ni da halin ba. Tasoshin tagulla shida na taho da su a akwati, suna nan jere a falona a Thamesmead, mutum yana ganin fuskarsa a jikinsu. Na fara da wannan ne don a san irin matar da ta yi ɓarnar da zan ba da labari, kada wani ya ce mugunta ce.

Sunana Nimatu, amma a benenmu Maman Affan ake ce mini. Ƙofata tana kallon ƙofar Ngo Kachollom, 'yar Berom daga Jos, wadda ta girme ni da shekara goma sha ɗaya. Ngo ɗin girmamawa ce, haka mutanensu suke kiran uwa. Shekara talatin da biyar ta yi tana ƙera haƙoran roba a wani asibiti kafin ta yi ritaya. Mijinta ya rasu, 'yarta Nanret tana aure a Leeds. Mace ce 'yar ƙarama, mai furfura, mai zuwa coci da laima ko ba hadari. Kuma tana da bindiga.

Ga yadda na fara sani. Na ga ɗan sanda ya fito daga gidanta suna dariya, na tambaye ta lafiya, ta ce lafiya lau, ya zo duba akwatin ƙarfen da take kulle bindigarta ne. Na ce bindiga kamar yaya, a nan, bango ɗaya da inda 'ya'yana suke kwana? Ta ce in shigo in gani. Na shiga ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina.

Tsohuwar bindigar farauta ce ƙirar Austriya, ta haura shekara ɗari, katakonta ya yi santsi don tsufa. Ngo tana da lasisi, tana cikin wata ƙungiyar masu harbin allo da ke da fili a bayan gari. Amma abin da ya tsayar da ni ba bindigar ba ce, teburin da ke ƙaramin ɗakinta ne. An ɗaure masa wani injin matsi mai dogon hannu, ga ma'aunai, ga gilashin ƙara girma, ga kwanson harsasai jere a katako mai ramuka, kowanne a raminsa.

Ta ce babu kamfanin da yake ƙera harsashin wannan bindigar yanzu. Wanda yake son ta yi magana sai ya ƙera mata da kansa. Sai ta samo kwanson da aka riga aka harba na wata bindiga daban, wadda suke kira three-o-three, ta gasa wuyansa a wuta ya yi laushi, ta matse shi a injin kaɗan-kaɗan har bakinsa ya tsuke, kafaɗarsa ta ja baya, ta datse tsawonsa, ta auna, ta sake aunawa. Kwanson da wani ya zubar a ƙasa sai ya tashi ya zama wani kwanso, daidai cikin bindigarta.

"Kamar haƙori ne, Maman Affan," in ji ta. "Kowane baki da nasa. In bai zauna daidai ba, mai bakin ne zai sha wahala."

Tun daga ranar nake shiga kallonta. Ni mai surutu ce, kowa ya sani, amma a ɗakin nan bakina yakan mutu. Ban taɓa ganin mutum mai haƙuri da ƙaramin abu irin matar nan ba. Kwanso ɗaya sai ta juya shi a hannu minti biyar. Wanda ni zan rantse lafiyarsa ƙalau sai ta jefa shi a gwangwanin shara, ba ta ko waiwaya. Na taɓa tambayarta ko harbin ne yake mata daɗi haka. Ta ce harbi na daƙiƙa ɗaya ne. Tun da ta bar aiki, bindigar nan ce kaɗai ta rage a duniya da ba za ta yi amfani ba sai da hannunta.

Bara aka yi mata aikin ƙugu, ya ƙi warkewa da wuri. Wata goma sha huɗu ba ta taka filin harbi ba. Ni na riƙe mata makullin ƙofa, ina kai mata abinci, ina share mata gida. Makullin akwatin bindiga kuwa ko inda take ajiye shi ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Da lokacin sabunta lasisinta ya zo a watan Satumba, jami'in da ya zo ya gaya mata cikin ladabi cewa in har rajistar ƙungiyarsu ba ta nuna ta harba wannan bindigar kafin ƙarshen Oktoba ba, shi bai ga hujjar da zai bar mata ita ba. Sai dai ta sayar ko ta miƙa. Ƙungiyar kuma bayan harbin ranar Asabar ɗin ƙarshe ta Oktoba za ta rufe dogon filinta don gyara, sai bazara. Nanret ta bugo daga Leeds ta ce wannan ai sauƙi ne Allah Ya kawo, a rabu da abin kowa ya huta. Ngo ta ce ta ji, ta ajiye waya, ta ɗauko sandarta ta nufi ƙaramin ɗaki.

Tsofaffin kwansonta duk sun gaji, wuyansu ya tsattsage. Wani ɗan ƙungiyarsu ya ba ta guda arba'in da huɗu. Mako uku ta yi a kansu, don ƙugun ba ya barinta ta tsaya gaban injin fiye da 'yan mintoci, sai ta yi biyu ko uku ta koma ta zauna. Ranar Laraba ta gama. Talatin ne suka tsira. Ta ce gobe in ta dawo daga gashin ƙashi za ta ɗura musu albarushi, jibi ta huta, gata, Asabar ɗin ƙarshe, mu tafi, ni zan tuƙa ta.

Ranar Alhamis da safe na soya masa, wato waina, na zuba mata a kwano, na buɗe ƙofarta na shiga. Ba ta nan. Ƙofar ƙaramin ɗakin a buɗe take, rana ta faɗo a kan teburin, sai na ga kwanson nan talatin. Wallahi sun yi muni. Jikinsu ya dishe, wuyan kowanne ya yi shuɗi-shuɗi da baƙi-baƙi inda wuta ta taɓa. Na tsaya ina tunanin yadda za ta fito da su gaban Turawan nan haka, mace mai tsafta irinta, su ce matan Najeriya ba su iya wanke kaya ba. A wajenmu kuwa ba a shiga ɗakin mara lafiya a ga aiki a tsallake, ba a kuma tambaya, don in an tambaya za ta ce a bari.

Na koma gida na ɗauko maganin da nake goge tasoshina da shi, mai warin nan da yake hawa kai. Na tsiyaya shi a roba na jiƙa su duka don dattin ya saki. Na share falo, na wanke 'yan kwanukanta, na dawo na zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya da tsumma. Har cikinsu na zura auduga. Da na gama suna walƙiya kamar 'yan kunnen amarya. Na mayar da kowanne raminsa, na ja kujera na zauna ina jiran yabo.

Ngo ta shigo tana dogara sanda. Tun daga bakin ƙofa ta tsaya ta ɗaga hanci. Ta wuce ni ta shiga ɗakin, ta ɗauki ɗaya ta shinshina, ta ajiye.

"Maman Affan, da me kika goge?"

Na miƙa mata gwangwanin ina murmushi. Ta sa tabarau ta karanta ƙananan rubutun bayansa har ƙarshe.

"Shafawa kika yi ko jiƙawa?"

"Jiƙa su na yi, Ngo, don ya ratsa. Bai fi awa ɗaya ba."

Ta zauna a hankali. Ta ce akwai ammonia a cikin maganin. Tasa ba ta damu ba, don tuwo kaɗai take ɗauka. Amma kwanso tagulla ce da aka matsa aka wahalar, kuma sinadarin nan yana bin jikinta ya raunana ta ta inda ido ba ya gani. Yau za ta yi kyau, gobe ta yi kyau, ranar da wuta ta tashi a cikinta sai ta tsage.

Na ce to a ɗauraye mana, a sa ruwan zafi, a sa sabulu. Na ce wataƙila ma babu abin da ya same su.

"Wataƙila," in ji ta. "Zai yiwu duk talatin ɗin lafiyarsu ƙalau. Amma fuskata ce a bayan bindigar, kuma akwai mutum a layin harbin da ke kusa da ni."

Ta jawo aljihun tebur ta ɗauko filaya. Ta ɗauki kwanso na farko ta matse bakinsa ya lanƙwashe, ta jefa a gwangwani. Ta ɗauki na biyu. Ina tsaye ina jin ƙarar kowanne, aikin mako uku, na macen da tsayuwa take mata ciwo. A na goma na fashe da kuka, na ce don girman Allah ta zage ni, ta ce mini wani abu. Ba ta ɗago ba sai da ta gama na talatin. Sannan ta dube ni ta ce, "Na gode da masa."

Da ta kwaɗa mini sandar nan da ya fi mini sauƙi. Ni gidan faɗa na taso, inda in ka yi laifi a wanke ka tas, a ci abinci tare, magana ta wuce. Wannan shirun ban san inda zan ajiye shi ba.

Ta buga wa shaguna uku waya tana neman irin kwanson. Biyu ba su da shi, na uku ya ce sai mako mai zuwa kayansu za su iso. Sai ta kira Mista Aldous, dattijon da yake kula da filin ƙungiyar, ta sa wayar a amsa-kuwwa. Ya ce yana da bokitan kwanson da ake sharowa daga fili, ba a tantance ba, in tana so ta zo ta tona, amma kada ta sa rai. Sannan ya rage murya ya ce shekara ashirin ya san ta, ta zo ranar Asabar kawai ta sha shayi, zai rubuta sunanta da lambar bindigar a rajista, babu mai tambaya.

Na matso kusa da ita. Ina ɗaga mata kai ina nuni da hannu ta amsa.

Ta yi masa godiya da Turanci. Ta ce abin da ba ta harba ba kada ya rubuta ta harba. Ta kashe wayar.

A lokacin haushinta na ji, ba zan ɓoye ba. Na ce a raina wannan wane irin taurin kai ne, an buɗe miki ƙofa kin ce sai ta taga. Amma ina da bakin magana? Na ce mata ni zan je bokitan. Ta dube ni jim, sannan ta yago takarda ta zana mini. Gindin kwanson yana da baki mai faɗi kamar faifai. A ƙasansa an buga 303. In na haska cikinsa da tocila, rami ɗaya nake so in gani a tsakiya. Mai rami biyu na soja ne, kayan aikinta ba sa karɓarsa.

Juma'a ce, ranar da na saba tafiya masallacin Regent's Park in haɗu da 'yan uwa, amma ina idar da asuba na kama hanya. Mista Aldous ya kai ni wata rumfa ya nuna mini bokiti huɗu cike da tagulla, da laka, da ganye. Ya kawo mini kujera, na ce ya bar ta. Na shimfiɗa ɗankwali a ƙasa, na zauna na miƙe ƙafa, na ari tiren shayinsa, na riƙa zubawa ina tsincewa yadda ake tsince tsakuwa a wake. Wannan kam aikina ne, ba wanda zai koya mini. Ya tsaya yana kallona, can ya ce bai taɓa ganin an bi bokiti da sauri haka ba. Ban kula shi ba, yabo ya fita raina tun jiya.

Masu faɗin gindi sun kai sittin. Da na haska su, yawancinsu rami biyu. Goma sha ɗaya na samu. Na ƙulle su a gefen mayafi kamar kuɗin cefane, na kamo hanya da hannuwa baƙi ƙirin, ko gogewa ban yi musu ba.

Bayan azahar muka fara. Ngo ta wanke su da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke kawai, ta busar. Ta ɗauko wata siririyar waya mai lanƙwasa a baki ta zura cikin kowanne tana shafa bangon, idonta a rufe. Ta ce in kwanso ya miƙe da yawa yakan yi zobe ta ciki kusa da gindi, wayar tana jin sa. Huɗu ta ajiye gefe. Saura bakwai.

Ta ce in ja labule. Ɗakin ya yi duhu-duhu, ta kunna ɗan murhun gas mai siririn harshe, ta riƙa juya wuyan kowane kwanso a cikin wutar tana ƙirga a ranta, da launin ya fara sauka zuwa kafaɗa sai ta janye. A nan na ga shuɗin nan yana fitowa, shi ɗin da na kira datti. Ashe shi ne shaidar an gasa wuyan daidai, bai yi ɗanye ba, bai ƙone ba. Kunya ta sake rufe ni.

Ta miƙe gaban injin ta shafa wa na farko mai, ta ɗora, ta kama hannun injin. Tana cikin ja ƙugun ya soke ta, jikinta ya karkata, hannun ya tafi gaba ɗaya. Da ta fito da kwanson kafaɗarsa ta naɗe. Ta zauna tana haki, gumi a goshinta. Jiya ta sha matsa a wajen gashin ƙashi, ga tsayuwar wuta, ƙafar ta ƙi.

"Zo ki kama," in ji ta.

Na ce, "Ni? Ngo, ni ɗin da na..."

"Ke nake gani a ɗakin. Hannunki ya saba tuƙin tuwo, ƙarfi ba matsalarki ba ce. Matsalarki sauri. Kama."

Na yi bisimilla na kama. Na farkona na naɗe shi, na biyu ma haka. Na uku na cika masa mai don tsoro, man ya taru ya lotsa kafaɗar. Bakwai sun koma uku, hawaye yana ɗiga a kan hannuna. Na ce ta karɓa kafin in ƙarasa kashe ta. Ba ta karɓa ba. Ta jawo kujerarta kusa, ta ɗora tafinta a bayan hannuna.

"Ba ke za ki tura shi ba. Ki bi shi. Ja kaɗan. Kin ji ya yi tauri? Tsaya. Koma baya. Juya shi. Yanzu ƙara kaɗan."

Sai na ji. Akwai wani wuri da tagullar take turjewa, in aka dakata mata sai ta saki da kanta, a ji ta tana tafiya a hankali ƙarƙashin hannu. Shekara nawa ina kallon matar nan ina zaton jan ƙarfe take yi, ashe sauraro take yi da tafin hannu. Na fito da shi, wuya ya tsuke, kafaɗa ta kwanta sumul. Na biyu ya fito, na uku ya fito. Na ce alhamdu lillahi da ƙarfi har sai da ta ce in rage murya.

Ita ta datse su, ta kankare bakunan, ta auna. Sannan ta kai su ƙarƙashin gilashi. Na farko ta ce yana da tsaga a wuya. Na leƙa, ban ga komai ba sai da ta nuna mini da bakin allura, wani ɗan layi da bai kai gashin gira ba. Ya tafi gwangwani. Na biyu ta auna shi sau uku, ta ce gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri fiye da yadda za ta yarda.

"Ngo, ki yi wa Allah. Sau ɗaya fa za a harba shi."

"Sau ɗaya ake buƙata ya fashe."

Ya bi ɗan uwansa. Na uku ta daɗe a kansa. Ta juya shi, ta auna, ta sake zura waya, ta kai shi taga ta buɗe labule. Sannan ta sa shi a rami ɗaya cikin katakon nan mai ramuka hamsin. Ta ce in tafi gida, albarushi ba a ɗura shi da mutum a ɗaki, ba a kuma ɗura shi ana hira. Na fito ana kiran la'asar a wayata.

Asabar ta zo da yayyafi. Na tuƙa ta, bindigar tana kulle a jakarta a bayan mota, ba mu yi magana ba sai ta hanya. A filin aka rubuta ni a matsayin baƙuwa, aka ba ni abin toshe kunne, aka nuna mini layin da ba zan tsallake ba. Maza bakwai ne a jere, kowanne da akwatinsa cike da harsasai. Ngo ta zauna a teburin ƙarshe saboda ƙugunta, ta buɗe nata akwatin, guda ɗaya tal a tsakiya. Na ga na kusa da ita ya leƙa ya kau da kai.

Ba ta yi gaggawa ba. Ta gyara zama, ta gyara tabarau, ta sa harsashin, ta tura makullin bindigar, ƙarfen da ke datse harsashi a ciki, ya rufe ba gardama. Ta kwantar da kumatunta a kan katakon, daidai bayan kwanson da hannuna ya matsa. A nan ne na gane abin da take nufi da fuskarta. Na runtse ido ina Ya Hafizu, Ya Hafizu.

Ƙarar ta daki ƙirjina. Da na buɗe ido tana zaune yadda take, ɗan hayaƙi yana tashi. Ta ja makullin a hankali ta tare kwanson da tafinta kada ya faɗi. Mista Aldous yana duban allo da madubin hangen nesa, ya ce ta samu baƙin da ke tsakiyar allon, ƙasa kaɗan ta hagu. Ko kallon allon ba ta yi ba. Ta ciro gilashinta daga aljihu tana bin kwanson, wuya, kafaɗa, gindi. Sai da ta gama zagaye shi sannan ta ɗaga kai ta neme ni a bayan layi, ta gyaɗa kai sau ɗaya.

A ofis ya buɗe rajista ya rubuta kwanan wata da sunanta da lambar bindiga. Da ya zo gurbin adadi ya tsaya da alƙalami, ya ce jami'in zai yi dariya in ya ga ɗaya. Ta ce ya yi dariyarsa, ɗaya ta harba. Ya rubuta ɗaya, ta sa hannu. Bayan mako uku takardar lasisin ta zo da bindigar a ciki, amma a ranar ba mu san haka za a yi ba, abin da muka sani kawai shi ne ta yi nata.

Muka shiga mota. Na tayar, na fita daga ƙofar filin, na hau titi. Ba mu yi tafiyar minti biyu ba sai na ji ta ja dogon numfashi.

"Maman Affan."

"Na'am, Ngo."

"Ke wace irin mace ce? Wa ya aike ki? Mako uku! Mako uku ina tsaye a kan ƙafa ɗaya kamar kaza, ke kuma kin shigo da gwangwaninki kamar council ta turo ki aikin shara! Ko kin ga na rubuta help wanted a ƙofa ina neman 'yar aiki? Komai kika gani sai kin goge? In na mutu kada a bar ki kusa da gawata, sai ki jiƙa ni awa ɗaya don ya ratsa!"

Ta yi da Hausa, ta yi da Turanci, da suka ƙare mata ta koma Berom, tana buga sanda a ƙasan mota. Ta tono har labulenta da na taɓa wankewa ya tsuke shekara huɗu da suka wuce. Hawaye yana bin kumatunta, ba ta tsaya sharewa ba. Ni kuma ina riƙe da sitiyari, ina kuka ina dariya, ina cewa gaskiyarki ne Ngo, ƙara, wallahi gaskiyarki ne. Da na ga mun kusa Thamesmead ba ta gama ba, sai na wuce kwanar gidanmu na sake zagayowa ta bakin tafki.